Fankar da Muka Ƙirga Sau Huɗu

Shekarar da kasuwa ta mutu a Yamai ita ce shekarar da na samu aiki, kuma har yau in na tuna irin murnar da na yi sai raina ya ɓaci. An rufe iyaka, manyan motoci suka daina shigowa da kaya, komai ya yi tsada. A unguwarmu ta Bobiel, inda da ba ka jin komai sai ƙarar masu buga bulo, gine-gine suka tsaya cak, rodi a tsaye yana tsatsa, awaki suna wuni a falon da ba a rufa ba. Mijina fenti yake sayarwa. Wa zai shafa fenti a gidan da ba shi da rufi? Sai ya koma wuni a bakin shago yana gaisawa da masu wucewa. Ni kuwa takardar jami'ata ta daɗe a ƙasan akwati tare da zannuwan aure.

Ana cikin haka wata ƙawata ta kira ni ta ce wani biro, ofishin bincike, yana neman masu anket, wato masu bi gida-gida da tambayoyi suna rubuta amsa. Ban tsaya tambayar ko na mene ne ba. Na goge mayafina na tafi.

A ranar farko aka yi mana bayani. Tambayoyi iri ɗaya ake yi a ƙasashe da dama a lokaci guda, domin a jera su a ga wace ƙasa matsin tattalin arziki ya fi dannewa, wace ce kuma take jurewa. Wannan shi ne abin da za mu faɗa wa mutane in sun tambaya. Akwai na biyu, wanda aka sa muka sa hannu a takarda cewa ba za mu faɗa wa kowa ba. A unguwannin talakawa, amsoshin da muka cike su ne na'ura za ta tace, ta fitar da gidajen da za a riƙa ba buhun shinkafa da galan ɗin mai duk wata har abubuwa su lafa. Gidan da makinsa ya yi ƙasa ya shiga, wanda makinsa ya haura ya fita. Abin da ke ƙara maki kuwa shi ne kayan da aka gani a gidan, irin su kujera da kafet da fanka, da kuma abin da aka ci a kwana bakwai da suka wuce.

Wanda ya koyar da mu wani ƙwararre ne da aka ɗauko daga waje, mutum mai fara'a wanda ba ya rabuwa da gorar ruwansa. Ya yi wannan aiki a ƙasashe da yawa, kuma bai bar mu mun manta da hakan ba ko na awa ɗaya. Babban gargaɗinsa ɗaya ne. Ya ce ko'ina ya je, talaka in ya ji ƙanshin taimako sai ya ɓoye abin da yake da shi. A tura akuya gidan maƙwabci, a cusa rediyo ƙarƙashin gado, a sa tsumma a fito. Saboda haka kada mu yarda da baki, mu yarda da ido. Abin da muka gani a ɗaki, shi za mu danna a tabulet ɗin da aka ba mu. Muka gyaɗa kai gaba ɗayanmu kamar ƙadangaru.

Ni ma na gyaɗa. Alhali mahaifiyata, 'yar Maraɗi, ta sha aikena gidan maƙwabta aron kwanukan tangaran da darduma duk ranar da dangin babanmu za su zo. Na sha ɗauko tiren shayin wata hajiya ta ƙofar baya, in mayar da shi ta ƙofar baya bayan baƙi sun tafi. Duk wanda ke cikin ɗakin nan, in ban da ƙwararren, da irin wannan aike ya girma. Babu wanda ya ɗaga hannu. Sanyin kilim, na'urar sanyaya ɗaki, yana ratsa mu, an ce akwai shayi da nama da ƙarfe goma, ga aiki ya samu bayan dogon zama. Ba wanda ya ga dalilin ɓata wannan da labarin aron kwano.

Aka raba mu biyu-biyu. Ni aka haɗa ni da shugaban tawagarmu, wanda kowa ke kira shef. Ya yi anket iri-iri a rayuwarsa, na rijiyoyi, na gidan sauro, na makarantu, har ya kai yana iya gama gida kafin ruwan da aka kawo masa ya huce. Yana da wata riga mai aljihu da yawa wadda ba ya cirewa komai zafi. Ba mugu ba ne. Da mugu ne da abin ya zo mini da sauƙi.

Aka tura mu Kirkissoye, ƙetaren kogi. Doka ce a sanar da mai unguwa kwana ɗaya kafin a zo, don a tarar da masu gida a gida. Shef ya sanar. Mai unguwa kuma, mutumin kirki, ya bi gidajen da aka zaɓa a wani lungu ɗaya bayan ɗaya ya ce musu gobe manyan baƙi za su zo daga biro, kowa ya kimtsa. Daga nan aka fara ɓarna, kuma babu wanda ya yi nufin ɓarna.

Mun iso da safe muka tarar an share ƙofar kowane gida an yayyafa ruwa. Gidajen laka ne, katanga gajeru, in ka yi ɗage kana ganin tsakar gidan maƙwabci. Gida na farko na wata mai tuyar masa ne. Ta shigar da mu ɗaki mai jan kafet, da farar kujerar roba guda huɗu, da koriyar fanka mai tsayuwa tana juyawa. Na danna kafet, na danna kujera, na danna fanka. Muka fito, shef ya tsaya a inuwar wata bishiyar bedi yana duba abin da na cike yana amsa waya, kamar yadda yakan yi tsakanin gida da gida, har kusan rabin awa. A gida na biyu muka tarar da jan kafet, da fararen kujeru, da koriyar fanka. Na ce a raina, mutanen lungun nan a shago ɗaya suke sayayya. Wayona bai wuce nan ba.

Gida na uku na wani dattijo ne magini, mutumin Tawa da ya zo Yamai tun yana saurayi. Ya tarye mu a bakin ƙofa cikin farar babbar riga wadda har yanzu layin ninkinta bai baje ba, kana gani ka san ta Sallah ce aka ciro daga ƙasan kaya. Hannuwansa duk siminti ya tsattsage su.

"Sannunku da zuwa, sannunku da rana," in ji shi. "Ku shigo, gida naku ne. Ɗiyata, zamna nan, nan iska ta hi bugawa."

Ya tambaye ni unguwarmu, na ce Bobiel. Fuskarsa ta washe. Ya ce rabin gidajen da ke bayan babban masallacinmu hannunsa ne ya ɗora su, har ya kwatanta mini wani gida mai baranda da nake wucewa kullum. Wannan gidan ma yanzu a tsaye yake ba rufi. Ya ce tun da aiki ya tsaya yana hutawa ne. Haka ya faɗa, yana hutawa. A gidan akwai shi da matarsa, da 'yarsu wadda mijinta ya tafi nema bakin teku shiru, da jikoki uku.

Ina cikin cike wannan idona ya faɗa kan fankar. A wuyanta, inda ya karye, an ɗaure da wani jan ƙyalle don kada kan ya sunkuya. Na ga wannan ƙyallen a gidan mai masa. Na gan shi a gida na biyu. Na bi wayar wutar da ido, ta fita ta taga, ta haura katanga, ta ɓace. Na dubi kafet ɗin da ke ƙarƙashin ƙafata, sai ga ƙunar gawayin turare a kusurwa, wadda na riga na taka sau biyu a ranar.

Na ce, "Baba, fankar nan taku ce?"

Ya dube ni kamar na tambaye shi abin da ba a tambayar babba. Ya ce, "Ba ta yi miki sanyi ba ne, ɗiyata? Bari a matso da ita."

Shef ya leƙo ta kafaɗata. "Madam, an ce ido, ba baki ba. Danna mu ci gaba."

Na danna. Muka zo kan tambayoyin abinci.

"Baba, jiya sau nawa aka ci abinci a gidan nan?"

"Alhamdu lillahi. Mun ci, mun gode Allah."

"Sau nawa, Baba?"

"Yadda mutane ka ci."

"Sau uku ke nan," in ji shef. Dattijon bai ce e ba, bai ce a'a ba, ya gyara hularsa. Ta yaya mutum mai furfura zai dubi baƙi biyu da ke zaune a ɗakinsa, ɗaya ma mace ce sa'ar 'yarsa, ya ce musu jiya ba a hura wuta a gidansa ba? Wanda ya tsara tambayar nan bai taɓa zama gaban irin wannan dattijo ba, ko kuwa ya zauna bai ga komai ba.

Na karanta ta gaba. "A kwana bakwai da suka wuce an ci nama a gidan nan?"

Daidai lokacin ƙanshin miya ya shigo ta ƙofa. Dattijon ya yi murmushi irin na wanda aka tambaya abin da ya shirya wa. "Ga shi nan bisa wuta, yanzu za a kawo muku."

Shef ya yi dariya, ya ce wannan ko tambaya ba ta buƙata. Na danna nama.

Aka kawo shinkafa da miyar kaza a babban kwano. Dattijon ya ce shi ya riga ya ci, ya fita ya bar mu mu sake, kamar yadda ake yi wa baƙo. Shef ya naɗe hannun riga ya dirar wa kwanon, har ƙashi yana tauna. Wannan wurin ne ba na son rubutawa, amma in na tsallake shi duk sauran labarin ƙarya ne. Ni ma na ci. Da ruwan shayi kawai na fito daga gida, ga rana ta take, ga miyar ta ji albasa da yaji. Na ci cinya, na ƙara da ƙirji, fankar tana kaɗa mini mayafi. Na san ta aro ce, kuma hannuna bai tsaya ba.

Da muka gama na zaga bayan ɗaki in wanke hannu. Matarsa ce ta zuba mini ruwa da buta, Bazabarmiya haifaffiyar Yamai, Hausarta ta kasuwa ce. A gefen murhu na ga akurki a kife, gashin kaza a tare a kusurwa. A wata ƙaramar tukunya kuma ganyen zogale ne dafaffe, ko ƙuli babu a ciki. Wannan shi ne abincin mutanen gidan.

Na ce, "Inna, kazar nan ta gida ce?"

Ta dubi ƙofa tukuna, sannan ta rage murya. "Ita ke nan ta rage. Ita ke yi mini ƙwai, in sayar in sayo gari. Na ce masa a yi kopton zogale kawai, ya ce baƙin biro ba su cin ganye a gidansa. Shinkafar ma maƙwabciya ta auno mana. Kar ki ce masa na gaya miki."

"Fankar fa?"

Sai ta yi dariya, har da rufe baki. "Ta mai shago ce, can bakin layi. Da kafet da kujeru duk nasa ne. Tun safe suke yawo ta katanga. Ku dai yi sauri ku tashi, gidan gaba suna jira."

Na fito hannuna da sauran maiƙo. Tabulet ɗin yana da wani maɓalli na ƙarshe da muke kira balide. Kafin a danna shi ana iya gyara amsa, in an danna kuwa ta tafi ke nan. Ban danna ba tukuna. Na ja shef gefe, ƙarƙashin bedin nan.

Na ce, "Shef, gidan nan ba su da komai. Duk abin da muka gani aro ne. Kazar da muka ci ita ce ta ƙarshe."

Ya ce, "Na sani."



"Tun gida na biyu na gane," in ji shi, yana sakace haƙori. "Ni ma a gidan laka na tashi, madam."

"To mu gyara mana."

"Na'urar tana rubuta lokacin da aka danna kowace amsa. In kika koma kika canza biyar bayan awa guda, gobe za a kira mu biro a ce mun haɗa baki da mutane. Kin ji abin da ya faru da tawagar da aka sallama makon jiya. Ke kina da wani aikin ne a ajiye?"

Ba ni da shi. Ina da 'ya'ya biyu da miji mai gadin gwangwanayen fenti.

Ya ƙara da cewa, "Kuma ki tuna, buhunan ba ƙaruwa za su yi ba. In kin sa shi, wani za a cire."

Wannan maganar ta ƙarshe ita na kama na riƙe, don ta yi mini daɗi. Ta ba ni wurin ɓuya. Na sa yatsan da na ci kazar da shi na danna balide, allon ya nuna koren alama, gidan magini ya tafi a matsayin gida mai fanka da kafet, mai cin nama, mai ci sau uku.

A gida na huɗu fankar ta riga mu isa. Na taɓa bayanta da zan zauna, da ɗuminta. Ban tambayi kowa komai ba, na danna. Gidan ƙarshe a jerinmu kuwa na mai shagon ne da kansa. Muka tarar da ɗakinsa wayam, sai wata tsohuwar tabarma, yana ta ba mu haƙuri kan zafi. Fanka babu, kujera babu, kafet babu. Da na tambaye shi abinci ya ce suna dai lallaɓawa. Da na tambaye shi nama ya ce wane nama a wannan zamani. Shi ma ba ƙarya ya zauna ya shirya ba. A wurinmu mai abu ba ya shelar abinsa, yana tsoron ido da bakin mutane, kamar yadda marar abu ba ya shelar rashinsa. Na danna abin da na gani, yadda aka koya mini.

Bayan wata biyu aka yi taron bayyana sakamako a wani babban otel. Mu masu anket aka gayyace mu don mu cika kujerun baya. Aka haska bango da dogayen sanduna masu launi, kowace ƙasa da tata sandar, an jera su kafaɗa da kafaɗa. Ƙwararren ya dawo da gorar ruwansa. Ya ce abin da ya ba shi mamaki shi ne, a unguwannin talakawan birninmu mutane ba su rabu da kayan ɗakinsu ba kamar yadda aka gani a wasu ƙasashe, kuma nama bai ɓace daga tukunya ba. Yana da wata kalmar Faransanci mai nufin juriya, ya yi ta jan ta kamar carbi. Aka yi tafi. Wani babba mai malum-malum ya tashi ya ce wannan ya nuna mun fi maƙwabta iya riƙe kanmu, aka ƙara tafi.

Ina zaune ina kallon sandarmu, ina tunanin fanka nawa ce a cikinta mai jan ƙyalle a wuya. Lungu ɗaya na sani, amma a garin nan wane lungu ne ba a miƙa kaya ta katanga? Sauran sandunan kuma ban san abin da ke cikinsu ba. Wataƙila a can da gaske ɓoye akuya ake yi. In haka ne, an ɗauki masu ɓoyewa an jera su da masu arowa, an auna tsayinsu, an ce wannan shi ne tattalin arziki.

Da aka fita shan shayi na yi ƙarfin hali na tare ƙwararren. Na ba shi labarin fankar a taƙaice. Ya saurara sosai, ya yi dariya, ya ce labari ne mai daɗi, zai riƙa ba da shi a wasu wurare. Ya ce kada in damu, irin waɗannan ƙananan abubuwa narkewa suke yi in aka haɗa gidaje da yawa. Ya dafa kafaɗar shef ya wuce. A kan teburin kuwa an tula soyayyun kaji, manyan mutane suna naɗewa a takarda suna cusawa a jaka. Na tsaya ina jin ƙyamarsu. Sannan na naɗe biyu na kai wa 'ya'yana.

Ranar da aka fitar da sunaye, ni aka ba takardar in karanta a ƙofar mai unguwa a Kirkissoye. Buhuna a jibge a bayana, mutane sun cika lungun. Na yi ta kira, ana zuwa ana ɗauka. Da na kira mai shago sai wurin ya yi tsit. Ya fito kansa a ƙasa, ya ɗauki buhun kamar mai ɗaukar kayan sata. Abin da ya yi da shi ban sani ba, ban tsaya na gani ba. Mai masa ba ta fito a takardar ba. Gida na biyu da na huɗu ba su fito ba. Dattijon magini yana can baya cikin farar rigar nan, hannuwa a goye. Ya tsaya har na karanta suna na ƙarshe na ninke takardar. Ya je ya yi wa mai unguwa sallama, ya juya ya tafi a hankali.

Kwana uku ina fama da kaina. A na huɗu na shiga kasuwar Petit Marché wajen masu kaji, na ce a ba ni kaza mai ƙwai. Mai kajin ya rantse mini wannan kullum sai ta yi. Na hau taksi da ita a cinya, ƙafafu a ɗaure, muka haye gada. Ban aika wa kowa cewa ina zuwa ba.

Na tarar da ɗakin yadda yake. Ƙasa ce tsirara, da tabarma ɗaya da gefenta ya zare, da farar rigar a rataye jikin ƙusa. Dattijon yana sanye da wata tsohuwar singileti mai tabon siminti. Da ya gan ni ya rikice, ya rasa ko rigar zai ɗauka ko tabarmar zai kakkaɓe. Ya ce wa matarsa wani abu da Zabarmanci, ta fita. Na miƙa kazar na ce tsaraba ce, na roƙe shi don Allah kada a yanka ta, ta ƙwai ce. Ya karɓa da hannu biyu ya yi godiya mai tsawo. Muka zauna, muka gaisa, muka sake gaisawa.

Can ya ce, "Ɗiyata, akwai abin da ni ka son tambaya, in ba za ki ji haushi ba."

"Tambayi, Baba."

"Ran da kunka zo, ko abincin bai yi muku ba ne? Na ce ma tsohuwa wataƙila kazar ta yi ƙanƙanta ga manyan baƙi. Da mun samu hali da zabo munka nema."

Ashe abin da yake ta juyawa a ransa ke nan. Yana zaton mun cire shi ne don bai karrama mu yadda ya kamata ba. Takardar da na sa wa hannu ta faɗo mini a rai, na ture ta.

Na ce, "Baba, abincin ya yi daɗi. Shi ne ma ya cire ku. Da kazar, da fankar, da kafet ɗin. Mun rubuta cewa kuna da su, na'ura ta ce ba ku cikin mabuƙata. Ni na danna da hannuna, kuma na san na aro ne."

Ya dubi tafin hannunsa. Na jira ya zage ni. Da ya zage ni da na samu sauƙi.

Ya ce, "Wato da na zamnar da ku ƙasa, na ba ku ruwa kaɗai, na ce muku yunwa muke ji, da an kira sunana."

"E, Baba. An ce za a sake zagayowa nan gaba. In an zo, ku bar ɗakin haka yadda yake, ku faɗi gaskiyar abin da kuka ci."

Ya girgiza kai a hankali, ba da fushi ba. "Ɗiyata, wannan kam ba ni iyawa."

Na buɗe baki zan roƙe shi, zan ce masa ya dubi jikokinsa, sai na ji motsi a waje. Ta taga na hango matarsa ta yi ɗage a jikin katanga, hannuwanta sama, wani daga can gefen yana miƙo mata abu. Koren kai ne ya fara haurowa, sannan jan ƙyallen. Ta shigo da ita tana haki, ta jona wayar. Dattijon ya tashi da kansa ya juyo da fankar saitin fuskata, ya ce in matso, nan iska ta fi bugawa.